Duwatsun da Muka Kwashe

Tun da asuba muka tashi ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma waɗanda suka san ni sun san ba ƙaramin abu ne zai fitar da ni daga gida a irin wannan lokaci ba. Shekarata huɗu a garin Greensboro na Amurka, amma in aka cire coci, da shagon da muke sayen garin masara da daddawa, da asibitin da ake duba mini gwiwa, ban san ko'ina ba. 'Yata takan ce kujerar falo ma ta fi ni yawo, domin ita aƙalla ana matsar da ita ranar shara. To, ga shi na yi tafiya, kuma tun da na dawo zama ya gagare ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, 'yan'uwana mata na zumunta, ko na samu in sauke.

Ga yadda abin ya samo asali. Akwai wata 'yar'uwa a cocinmu, nas ce, tana bin gidaje tana kula da tsofaffi. Cikin waɗanda take dubawa akwai wani tsoho baƙar fatar Amurka da ya daɗe a kwance. Matarsa ce ke riƙe da makullin wata tsohuwar coci a ƙauye, gabas da gari, gaba da McLeansville. Masu sujada a wurin yanzu a yatsu za a ƙirga su, duk sun tsufa, 'ya'yansu sun watse birane. Bayan cocin akwai maƙabarta da ciyawa ta cinye. An sayar wa masu gina gidaje dajin da ke maƙwabtaka da ita, kuma ana shirin jan iyaka. A ranar Asabar ɗin, da ƙarfe ɗaya, wata mata daga cikin masu tattara tarihin gunduma za ta zo ta ƙirga kaburburan ta zana su a takarda. Kamar yadda aka bayyana mana, inda aka nuna akwai kabari ba a taɓa shi da wasa, inda ba a nuna ba kuwa katafila ce za ta bi ta kai. Tsohuwar ta ce tana neman hannuwa a share wurin kafin matar ta iso. Nas ta kawo maganar coci, mu goma sha ɗaya muka ɗaga hannu.

An ce mu je ƙarfe tara. Sai fasto ya tsaya a bakin ƙofa bayan sujada ya yi mana wa'azi na biyu, wai kada mu kai wa mutane irin taranmu na gida, wanda yake farawa sha ɗaya. Maganar ta shiga jikin dattijon cocinmu, mutumin Filato ne, tsohon soja, kowa Baba yake ce masa. Nan take ya yanke hukunci cewa ƙarfe shida duk mota ta kasance a harabar coci, wanda ya makara ya bi mu da ƙafa.

Surukina ne ya tuƙa mu, ni da nas da Baba a motarsa, sauran suna biye a motoci biyu. Na soya masar shinkafa tun dare bai gama wucewa ba, na cika fulas biyu da kunun gyaɗa, na riƙe su a cinya kamar wani zai ƙwace. Mun ratsa ta tsakiyar gari, titin Elm Street shiru, shaguna a rufe, sai a tashar bas na ga mutane cikin kayan aiki suna tsaye da kofin kofi, kowa fuska a ɗaure. Lokacin furannin itatuwa ne, duk motar da ka gani ta yi rawaya kamar an barbaɗa mata kori, Baba kuwa sai atishawa yake yana zargin turaren nas. Mun tsaya shan mai, surukina ya shiga ya fito da wani abu wai biskit, alhali burodi ne mai maiƙo da ƙwai a ciki. Na tambayi kuɗinsa, ya faɗa, na ce da ya bari ya ci masa kyauta. Ya ce ai Mama masa na nan tafe, wannan share fage ne.

Muna barin gari gidaje suka fara ja da baya, ɗaya nan ɗaya can, kowane da filinsa da akwatin wasiƙa a bakin titi. Ƙasar wurin ja ce wur, irin tamu, har sai da gabana ya ɗan faɗi. Na ga shanu suna kiwo ba makiyayi, ba ko kare. Na ga wasu tsofaffin ɗakunan katako sun karkace, nas ta ce a da can taba ake busarwa a ciki. Coci kuwa kusan kowace kwana akwai, kuma kowace da kaburburanta a gefe, a fili, suna kallon titi. Ni dai duk hanya ina tunanin ko na kashe murhu, ina tunanin ko 'yata za ta tuna da maganin tarin jikata, ina tambayar saura nawa mu kai, har surukina ya juyo mini da wayar da ke nuna hanya ya ce in riƙa duba da kaina.

Bakwai da 'yan mintuna muka isa. Cocin ƙarama ce, ta katako, farin fentinta ya fara ɓarewa, da ƙararrawa a kan turke. A gefenta akwai kaburbura masu allon dutse da sunaye, wasu da furannin roba da rana ta koɗe. Daga bayansu wata tsohuwar wayar shinge ta kwanta a ƙasa, sai daji ya fara: itatuwa masu duhun ganye, da sarƙaƙiya, da wani ganye mai yaɗo da shuɗin fure da ya rufe ƙasa ko'ina. Ba kowa a wurin. Nas ta kira tsohuwar sau biyu ba a ɗauka ba, ta ce ƙila tana yi wa maigidan wanka. Muka yi addu'a, muka ci masa, muka sha kunu, muka duba agogo. Bakwai da rabi ma ba ta yi ba.

Kun san mu. Baba ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an zo gayya an zauna jiran mai gona ba. In mai gona ya iso, ya tarar an ci rabi, shi ne mutunci. Kowa ya yarda, har da ni. Aka fito da adduna da manjagara da baro, surukina ya tayar da injin yankan ciyawa. Kaburbura masu suna muka kewaye su da ladabi, ko taka gefensu ba mu yi ba. Sai muka tsallaka wayar nan muka shiga dajin, muna ganin ai nan ne aikin yake. Bai yi taku goma ba injin ya bugi dutse har wuta ta yi tartsatsi.

A nan ne na buɗe bakina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce a garinmu ba a fara sharar gona sai an tsince duwatsu. Baba, wanda yake ce mini ƙanwata, ya ce na faɗi gaskiya, a nasu garin ma tarawa ake a jera a kan iyaka. Shi ke nan, aiki ya rabu: mata muna tumɓuke ganyen nan mai yaɗo muna tono duwatsun da ke ƙarƙashinsa, maza suna lodawa a baro suna kaiwa gindin wata babbar bishiya. Duwatsu ne kawai irin na gona, ba rubutu, ba sassaƙa, wani kamar tulu, wani bai fi kan jariri ba. Muka riƙa cin karo da fasassun faranti, da kwalabe, da wani kofin tangaran, da ɓawon dodon koɗi irin na bakin teku. Har na yi tsaki na ce ashe su ma suna zubar da shara a daji. Duk muka zuba a baƙar leda. Ana hira, ana dariya, daga baya aka ɗauki waƙa. Kafin tara saura kwata tarin duwatsun ya kai mini ƙugu, Baba har ya fara jera su kamar katanga don mai wuri ta ji daɗi.

Tara saura minti goma wata tsohuwar mota ta shigo a hankali. Tsohuwar ta fito da malfa da sanda da takalmin roba, doguwa ce, siririya, ta haura tamanin. Ta ga motoci ta faɗaɗa murmushi, ta rungumi nas, ta ba kowa hannu. Muka rako ta bayan coci muna ta washe baki, muna jiran yabo.

Ba ta yi ihu ba. Wani sauti ne ya fito daga maƙogwaronta, ƙarami, kuma ni da Turancina bai wuce na gaisuwa ba, ban buƙaci a fassara mini shi ba. Na taɓa jin irinsa a ƙofar asibiti a gida. Ta taka a hankali har wani rami da muka bari, ta tsaya a kansa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Nas ta juyo fuskarta ta canza.

"Ta ce nan kakar kakarta take kwance," in ji nas. "Ta ce dutsen da ke nan shi ne sunanta."

Sauran bayanin a tsaye muka ji shi, kowa da adda a hannu ya rasa inda zai ajiye. Waɗanda ke cikin dajin bayi ne da 'ya'yansu, an fara binne su a wurin tun ba a gina cocin ba. Ba wanda ya sassaƙa musu suna. Dutsen gona ake ɗauka a kafa a wajen kai, ƙarami a wajen ƙafa. Ganyen da muke tumɓukewa da gangan aka shuka shi, don ya rufe su. Farantan da kofin kuwa su ne abin da mamaci ya yi amfani da shi na ƙarshe, danginsa suka ɗora masa. Kakarta ce ta riƙa kama hannunta tana nuna mata dutse-dutse, wannan wane, wannan wance, kuma duk duniya ba inda sunayen suke sai a kanta. Shekaru tana faɗa wa mutane cewa maƙabartar ta wuce wayar nan, ana ce mata to. Yau ne karo na farko da wani zai zo ya rubuta, kuma shaidarta duka ga ta can a gindin bishiya, an jera ta kamar katanga.

Baba ya cire hula. Mutumin da ko a addu'a gwiwarsa ba ta yarda ta kai ƙasa ba, sai ga shi ya durƙusa a jar ƙasar nan. Da Hausa ma ya yi maganar, Turancin ya gudu ya bar shi.

"Mama, mun yi ɓarna. Ba mu tambaya ba."

Tsohuwar ta dube shi. Sai ta ce wa nas ta gaya masa ya tashi, gwiwa ba ta mayar da dutse, kuma saura awa huɗu.

Ya tashi kuwa, sojan ya dawo. Ya ce kada ƙafar kowa ta ƙara motsawa daga inda take. Ya ɗauko dutse ɗaya ya nuna mana: duk dutsen da ya daɗe a ƙasa yana da layi a jikinsa, sama ya yi gansakuka, ƙasa ya rine ja. Kuma duk inda aka cire shi ya bar gurbinsa, daidai da siffar gindinsa. Wanda ya taɓa neman murfin tukunya a cikin tarin murafu ya san aikin. A ɗauko dutse, a gwada a wannan gurbi, a juya, a ɗaga, a kai wancan. In ya zauna za ka ji ya zauna, ba girgiɗi, layin ya yi daidai da bakin ƙasa. Sai dai duwatsu arba'in da wani abu ne, kuma baro ya bi ta kan wasu guraben, ƙafafunmu sun tattake wasu.

Surukina ya tuna ya ɗauki bidiyo da safe don ya ɗora a waya a ga muna aikin Allah. Bidiyon ya nuna mana guraben duwatsu wajen goma. Sauran kuwa, ban san yadda zan faɗa ba tare da kun yi mini dariya ba. Ni ba na riƙe wuri, amma ina riƙe magana. Aka ɗago wani mai kama da kan tunkiya, na ce wannan lokacin da aka cire shi nas tana ba da labarin yadda ƙanwarta ta faɗi jarrabawar tuƙi karo na uku, kuma muryarta daga wajen kututturen can take zuwa. Aka kai, ya zauna. Wani mai faɗi, na ce wannan ana ɗaga shi ne Baba yake cewa shinkafar da aka dafa a bikin godiya ba ta ji gishiri ba, yana bayana ta hagu. Matar da ta dafa shinkafar tana wurin, ta ce oho, ashe haka aka ce. Baba ya ce ƙanwata, a nemo gurbi dai, a bar tone-tone. Daga baya da ya ga abin yana ci, shi da kansa yake ɗago dutse ya ce, to gidan rediyo, wa aka ci namansa a kan wannan?

Aka kifa wa tsohuwar bokiti ta zauna. Duk dutsen da ya koma, sai ta kira suna, a hankali, kamar mai kiran yara cin abinci. Wasu ta ce ba ta san su ba, kakarta ma ba ta sani ba. Na kakar kakarta ba ta bari mun gwada ba. Ta je tarin da kanta ta shafa, ta nuna wani mai farin zare a jiki, maza biyu suka ɗauka, ya faɗa gurbinsa kamar bai taɓa fita ba. Na kwance ɗan zanen da na ɗaura a kan siket na shimfiɗa, muka juye baƙar ledar a kai. Kofin ta san mai shi. Farantan kuwa ta juya su ta juya, ta girgiza kai.

Ban taɓa ganin rana mai gudu irin ta ranar ba. Duk motar da ta wuce a titi sai mun ɗago kai gaba ɗaya. Tururuwa ta cije ni, nas ta cire mini kaska a wuya, bayana ya riƙe, amma ko ruwa na kasa tsayawa sha. Ɗaya saura kwata, duwatsu uku suka rage. Daga can ƙarshen dajin aka ɗebo su, wajen da ya fi kusa da inda za a ja iyaka, kuma a nan ne baro ya riƙa juyawa har ƙasar ta zama kamar daɓe. Kowa ya juyo yana kallona. Na rufe ido na saurara, ban ji komai ba sai waƙa. Lokacin da aka cire su duk muna rerawa tare, ba muryar da ta fita daban balle in ce daga ina ta zo.

Surukina ya matso ya ce da Hausa, murya ƙasa, a kafa su kawai a wajen, ai kusa-kusa ne, wa zai sani. Ba na jin da mugun nufi ya faɗa, kuma gaskiya zuciyata ta so. Nas ba ta fassara ba, amma tsohuwar ta ga inda idonsa ya nufa. Ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Ta ce a'a," in ji nas. "In ta kafa ɗaya a inda ba ta tabbata ba, gobe za a ce sauran ma ita ta jera su."

Matar tarihi ta iso a kan lokaci, Baturiya, da damin ƙananan tutoci da wani dogon ƙarfe mai mariƙi. Tsohuwar ba ta kai ga buɗe baki ba Baba ya tako gaba, hula a hannu, ya faɗi duk abin da muka yi da Turancinsa na bariki. Matar ta yi ja har kunne, ta yi rubutu mai tsawo. Ta duba bidiyon, ta durƙusa ta duba layin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta soka tuta a kan kowane, tsohuwar tana faɗin suna tana rubutawa. Ta ce dole ta sa a takarda cewa an ɗaga su an mayar a ranar. A ƙarshen dajin ta riƙa soka ƙarfen a ƙasa, wai inda aka taɓa haƙa kabari ƙasar ta fi taushi ko bayan shekaru. Wuri biyu ƙarfen ya nutse, ta sa tuta mai wani launi daban, alamar ana zato. Na ukun ba ta samu ba. Ta ce ba za ta yi alkawarin iyakar za ta haɗa da wannan gefen ba. Duwatsun uku aka bar su a gindin bishiyar, kusa da juna.

Na ɗauka daga nan sallamarmu za a yi. Sai tsohuwar ta buɗe bayan motarta, ashe tun jiya ta yi mana girki: soyayyar kaza, da wani dafaffen ganye ɗan'uwan kabeji, da burodin masara, da shayi mai sanyi wanda sukarinsa zai tayar da mara lafiya. Muka ci kai a sunkuye. Ta ɗauki masa ɗaya da ta rage ta ci, ta ce da an sa mata zuma. Da za mu tafi ta riƙe hannuna, ta sa nas ta tambaye ni ko zan dawo a sake shuka ganyen da muka tumɓuke, tun da ni ce na fi kowa tumɓuka. Na ce zan zo. Ta ce ƙarfe tara, ta ɗaga yatsu tara a fuskata, sannan ta juya ta nuna wa Baba su.

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo. Shanun suna nan inda muka bar su. La'asar sakaliya muka shigo gida, 'yata ta tambayi yaya tafiya, na ce bari in yi wanka tukuna.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini nauyi. Mun je da ƙarfinmu, da zuciya ɗaya, da duk abin da iyayenmu suka koya mana na gayya, kuma da su ɗin muka yi ɓarnar. Ƙasar ta yi kama da tamu, shi ya sa muka ɗauka mun san ta. Duk wadda za ta taimaki wani a cikinku, ta jira mai wuri ko da zaman zai kashe ta, ta tambayi mene ne wannan kafin ta ɗaga. Yau kwana biyar ke nan, ina wanke-wanke ina sake sauraron safiyar nan daga farko, muryar kowa a inda take, ko Allah zai sa wani ya yi tari ko ya ce a miƙo baro a daidai lokacin da aka ɗaga na ukun nan. Na tambayi duk mutum goman, har wadda ta dafa shinkafa. Kowa ya tuna waƙar. Ba wanda ya tuna inda yake tsaye.